SABON MOTO: ƘARAR DA TA DACE DA ƘARAR CIWO

Ga jawabin da wakilinmu, ma'aikacin yaƙi da jahilci, ya yi ma ɗaliban wani santir bayan an tashi daga darasin lissafi. Mun buga shi don sauran santiroci su karanta, su tattauna.

    

Yau zancen moto na kawo muku, wato babur. Da na shigo garin nan na ga babura a gindin itace, wasu ko ledar kujera ba a cire musu ba. Na san yadda ake sayen su. Wani ya sai da sa. Wani ya sai da wake ko albasa. Wani ya yi shekara biyu a bakin teku yana tara kuɗi. Moto dukiya ce babba. Da shi ake zuwa kasuwa. Da shi ake kai maras lafiya gidan likita. Da shi samari ke yin kabu-kabu su ciyar da gida.

Abin da ya sa na zaɓi wannan zance shi ne labari biyu.

LABARI NA FARKO

Wani manomi ya sayi sabon moto. Kwana uku da saye, ya dawo daga gona, ya kashe inji. Sai ya ji "tik, tik, tik" daga ƙarƙashi. Hankalinsa ya tashi. Ran kasuwa ya kai ma wani mai gyara wanda bai ƙware ba. Mai gyara bai saurara ba, bai tambaya ba. Ya buɗe sabon inji, ya karɓi jikkunansa. Tun daga ranar baƙin mai yake ɗiga. Ita kuwa "tik, tik" tana nan, domin dama lafiya lau take. Ƙarfe ne mai zafi yake hucewa.

LABARI NA BIYU

Wannan nawa ne. Na yi sati ina jin wani bugu mai nauyi cikin injina. Na ce ai moto ba ya rasa ƙara. Ban duba baƙin mai ba. Wani dare maƙwabcina ya buga mini ƙofa, ɗansa na fama da zazzaɓi mai tsanani. Muka ɗauki yaro muka kama hanya. A tsakiyar daji inji ya cije, ya tsaya cik. Baƙin mai ya ƙare, ƙarfe ya kama ƙarfe. Sai da muka tada wani bawan Allah mai amalanken shanu ya kai mu. Allah ya ba yaron lafiya. Ni kuwa na sha kunya, na kuma biya kuɗin gyara mai yawa.

Kun ga, manomin ya ji tsoron ƙarar da ba ta da laifi. Ni na raina ƙarar da ke kiran gyara. Dukanmu biyu mun yi asara, saboda ba mu san harshen inji ba. Mu koye shi yau.

WANE IRIN MOTO MUKE ZANCE?

Akwai moto mai kujera ƙasa-ƙasa, mai ƙaho mai faɗi, wanda mahayi ke zama a miƙe, ƙafafunsa na ɗan gaba. A Amurka ana ce masa kuruza. Can ne asalinsa. Kamfanin da ya fi suna wajen ƙera shi shi ne Harley-Davidson. An kafa shi a garin Milwaukee a shekarar 1903. A 1909 ya fito da inji mai tukunya biyu, a tsaye kamar harafin V.

Daga baya kamfanonin Japan suka bi wannan sawu. Yamaha ta fito da Virago a 1981. Honda ta fito da Shadow a 1983. Suzuki kuma ta yi wani ƙarami a 1982, ana ce masa GN125. Tukunyarsa ɗaya ce. Kamfanin Haojue na ƙasar Sin yana ƙera irinsa. Babura da yawa masu lamba 125 ko 150 da kuke gani a kasuwanninmu surarsu ke nan. Zamansu na kuruza ne, injinsu ƙarami.

Saboda haka zan yi muku zancen babba da ƙarami. Ka'idar aikinsu ɗaya ce.

MI KE FARUWA CIKIN INJI?

Mata, kun fi kowa sanin turmi da taɓarya. Cikin inji akwai tukunyar ƙarfe, ita ce turmin. Cikinta akwai wani dunƙulen ƙarfe mai hawa da sauka, ana ce masa fistan. Shi ne taɓaryar.

Fistan yana aiki hawa huɗu:

1. Ya sauka, ya jawo iska da isansi.
2. Ya hau, ya matse su.
3. Buji ya ba da wuta, su fashe, su turo fistan ƙasa da ƙarfi.
4. Ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje.

Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya gyara wannan dabara a 1876. Har yau ita ke aiki cikin baburan da muke zance. Mobilet ta da, wadda ake haɗa ma isansi da mai, ita hawa biyu take yi. Shi ya sa kukanta siriri ne, hayaƙinta da yawa. Moto mai hawa huɗu yana da wurin baƙin mai daban. Ba a zuba masa mai cikin isansi.

Yanzu mu yi lissafi, tun da yanzu kuka tashi daga darasinsa. Inji yana juyawa sau 2 kafin wuta ta tashi sau 1. Ƙaramin moto da ke tsaye yana aiki, yana juyawa wajen sau 1.400 a minti ɗaya. Ku raba 1.400 gida 2. Kun samu 700. Wato wuta tana fashewa sau 700 a minti ɗaya, kusan sau 12 a kowace daƙiƙa. In kana gudu a bisa hanya, inji ya kai juyi 6.000, wuta tana fashewa sau 50 a daƙiƙa. Duk wannan tsakanin ƙafafunka yake faruwa. Abin da ke yin haka dole ya yi ƙara, dole ya yi rawa.

Ga wani dalili kuma. Injin mota yana da ruwa kewaye da shi, yana kuma cikin rufi. Ruwan da rufin suna shanye ƙara. Yawancin baburanmu iska ce ke sanyaya su. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da kuke gani a jikin inji, aikinsu ke nan. Inji a fili yake, kunnenka kusa da shi. Komi ya motsa ciki, za ka ji.

DON MI BABBAN KURUZA KE ƊINGISHI?

Wanda ya taɓa jin babban kuruza a Yamai ko a cikin sinima ya san kukansa ba daidai yake fita ba. Bugu biyu kusa da juna, sai ɗan jinkiri, sai bugu biyu kuma. Kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Baƙo yakan ce inji zai mutu. Lafiyarsa lau, haka aka gina shi.

Ga dalili. Juyi ɗaya digiri 360 ne. Juyi biyu 720. Da tukunya biyu sun raba aiki daidai, da kowace ta jira 360. A injin Harley-Davidson tsakanin tukunya biyu digiri 45 ne, kuma fistan biyu hannunsu a kan gungume ɗaya yake. Saboda haka wuta ta farko ta tashi, bayan digiri 315 ta biyu ta tashi, sannan a jira 405 kafin ta farko ta dawo. Ku haɗa 315 da 405. Kun samu 720.

Wannan kuka ya zama alamar kamfanin. A 1994 har suka nemi hukumar Amurka ta rubuta shi da sunansu, don kada wani ya kwaikwaya. Sauran kamfanoni suka ƙi yarda. A shekarar 2000 suka janye.

Irin wannan inji yana girgiza sosai. Don haka daga 1980 kamfanin ya fara ɗora injin wasu baburansa bisa roba. In moto na tsaye, sai ka ga inji da madubi suna rawa. In ya kama hanya, rawar ta kwanta. A wasu kuma an sa wani nauyi cikin inji mai juyawa yana kashe girgiza.

Ƙaramin namu mai tukunya ɗaya halinsa daban ne. In yana tsaye, rawarsa kaɗan ce. In ka matsa masa gudu, sai ka ji tsuwwa a hannu da tafin ƙafa, madubi ya yi hazo. Wannan ma halinsa ne. Yana faɗa maka ka kai iyakar abin da yake so. Ka rage wuta kaɗan.

ƘARAR DA BA TA DA LAIFI

Ku riƙe waɗannan guda shida.

Ta ɗaya: "tik, tik" bayan an kashe inji. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa. In yana hucewa yana komawa. Salansa da haƙarƙarin inji ne ke wannan ƙara. Bayan ƴan mintoci za ta daina.

Ta biyu: ƙaramar ƙara kamar ta keken ɗinki a saman inji. Can sama akwai ƙofofi biyu ƙanana, ɗaya ta shigar iska, ɗaya ta fitar hayaƙi. Masu gyara na ce musu supap ko bawul. Masu ƙera inji sun bar ɗan fili tsakaninsu da abin da ke danna su, bai wuce kaurin takarda ba. Filin ne ke ba da wannan ƙara. An fi jin ta da safe, lokacin ɗari. Kada ka ce ma mai gyara ya matse har ta ɓace. In fili ya rufe, ƙofa ba ta rufuwa sosai, sai ta ƙone. Moto ya ƙi tashi da safe, ƙarfinsa ya ragu.

Ta uku: "ƙwas" in ka sa giya ta ɗaya, har moto ya ɗan zabura. Kuloci cikin baƙin mai yake. In mai ya yi sanyi, fayafayansa suna manne da juna. Ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki, ka matse kuloci sosai, sannan ka sa giya.

Ta huɗu: siririn kuka kamar na iska, wanda ke ƙaruwa da gudu. Haƙoran ƙarfe ne ke cuɗanya da juna cikin inji, da sarƙa bisa haƙoranta.

Ta biyar: "fat, fat" kaɗan daga salansa in ka saki wuta a gangare. Ragowar isansi ce ke ƙonewa cikin bututu. In kaɗan ce, babu damuwa.

Ta shida: sabon moto yakan yi ɗan wari da ɗan hayaƙi a jikin salansa kwanakin farko. Fenti da man da aka shafa masa a masana'anta ne ke ƙonewa. Farin tururi kaɗan da safen ɗari shi ma ba komi ba ne.

ƘARAR DA KE CEWA KA TSAYA

Yanzu ku buɗe kunne da kyau.

Bugu mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, yana ƙaruwa in ka ba da wuta. Wannan ita ce wadda na raina. Ka kashe inji nan take. Ka duba baƙin mai. Ko da mai ya cika, kada ka ci gaba da hawa. Tura moto ya fi sayen sabon inji araha.

Ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani, lokacin da kake hawan tudu ko kana cikin rairayi da kaya. Isansi ce ke fashewa ba bisa ka'ida ba. Sau da yawa giya ta yi sama, gudu ya yi kaɗan, kaya sun yi nauyi. Ka koma giya ta ƙasa. In ba ta daina ba, ka tuhumi isansin da ka saya, ko inji ya yi zafi da yawa. In aka bar ta, tana iya huda fistan.

Kacau-kacau a gefen inji, kamar sarƙa na dukan bango. A wasu babura akwai ƙaramar sarƙa cikin inji, mai buɗe ƙofofin sama. In ta saki, a kai ma gwani ya gyara.

Ƙara mai ƙarfi kamar bindiga daga salansa, ko "fut, fut" daga wuyan salansa kusa da inji. Ko dai noti ya kwance iska na shiga, ko kuwa iska da isansi ba su haɗu daidai ba.

Kukan ƙarfe bisa ƙarfe in ka taka birki. Takalmin birki ya cinye. Wannan zancen rai ne. A sake shi kafin a sake ɗaukar mutum.

Gurnani daga ƙafar gaba ko ta baya, yana ƙaruwa da gudu. Boris ɗin ƙafa ya lalace. Ka ɗaga ƙafa, ka girgiza ta gefe da gefe. In tana motsi, a sake boris.

Ku dubi hayaƙi kuma. Shuɗin hayaƙi yana nuna inji na cin baƙin mai. Baƙin hayaƙi yana nuna isansi ta yi yawa, ko matatar iska ta toshe da ƙura.

Ga doka ɗaya da ta tattara duka: ƙarar da moto ya zo da ita, wadda ba ta sakewa, halinsa ce. Ƙarar da ta fito yau, ko wadda ke ƙaruwa kullum, ita ce ta ciwo.

IN RAWA TA ƘARU, INA ZA KA DUBA?

Hanyoyinmu na jar ƙasa suna da ƙunya-ƙunya. Suna kwance noti. Sau da yawa rawar da mutum ke tsoro daga noti ɗaya take. Ka fara da notin da ke riƙe da inji a jikin moto. Ka duba na salansa, na ƙaho, na matakin ƙafa, na murfin sarƙa.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka tsayar da moto, giya a sake, ka ba da wuta a hankali. In rawar ta fito, daga inji ne ko abin da ke riƙe da shi. In ba ta fito ba, ka hau bisa hanya mai kyau inda babu jama'a, kana tafiya sannu, ka matse kuloci ka saki wuta. In rawar tana nan, laifin ƙafa ne ko sarƙa. Ka duba iskar taya. Ka duba ko ƙafa ta lanƙwashe, ko wayoyinta sun saki.

Sarƙa kuma, in ka tura ta da yatsa a tsakiya, ta motsa kamar santimita 2 zuwa 3. In ta saki da yawa tana dukan murfi. In ta ɗaure da yawa tana kuka, tana cin boris. Inji a kashe ake taɓa sarƙa. Yatsu da yawa sun tafi a nan.

KILOMITA DUBU NA FARKO

Sabon sa ba a kai shi babbar gona ran farko. Sabon inji ma haka. Ƙarafan cikinsa suna gogar juna har su zauna. Wannan shi ne rodaji. Cikin kilomita 1.000 na farko kada ka buɗe wuta duka. Kada ka ɗora masa mutum uku da buhun hatsi. In tafiya da nisa, ka tsaya ya huta.

Baƙin mai na farko yana kwashe garin ƙarfe. A juye shi da wuri, tsakanin kilomita 500 da 1.000, yadda littafin moto ya faɗa. Ku karɓi littafin nan wajen mai sayarwa. Ko da harshensa baƙo ne, lambobi iri ɗaya ne, kuma yanzu kun iya karanta lamba. Wannan yana cikin amfanin zuwa santir.

Kowace safiya ka tsayar da moto a miƙe, a wuri mai daidai, ka duba sandar mai. Lokacin hunturu, ƙura ta yi yawa, ka riƙa tsabtace matatar iska. In ka sayi isansi ta kwalba a bakin hanya, ka tace ta da ƙyalle mai tsabta. Ka ɗaga kwalba ka duba ko ruwa ya kwanta a ƙasanta.

Ka sami ɗan kundi. Ka rubuta ranar da ka juye mai da lambar kilomita. In ka ji sabuwar ƙara, ka rubuta: da safe ne ko da rana, a tsaye ko a guje, daga sama ko daga ƙasa. In ka je wajen mai gyara da wannan bayani, ba zai buɗe maka inji a banza ba. Mai gyara na kirki yana saurare, yana tambaya, kafin ya ɗauki sifana.

GARGAƊI GA SAMARI

Na ga wasu suna fasa salansa don moto ya yi kuka irin na manyan Amurka. Samari, ku bar wannan. Ƙaramin inji an daidaita shi da salansarsa. In ka fasa ta, ka ɓata daidaiton. Kuka mai ƙarfi yana rufe ƙarar ciwo, ba za ka ji ta ba sai inji ya lalace. Yana kashe kunne a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Yana razana dabbobi, yana tada jarirai da marasa lafiya.

Kada a tada moto cikin ɗaki a rufe. Cikin hayaƙinsa akwai guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kuwa kisa. In tafiya ta yi tsawo, hannunka ya mutu saboda rawa, ka tsaya ka miƙe yatsu har jini ya dawo. Hannun da ya mutu ba ya kama birki da sauri. Ku sa hular kwano, kai da wanda ka ɗauka. Ku hana yara taɓa salansa in an dawo daga tafiya.

Jama'a, makiyayi ya san kukan kowace saniya tasa. In ɗaya ta sake murya, ya san da magana. Mai moto ma ya zama haka. Gobe da safe, kafin ka hau, ka tada inji, ka tsaya minti ɗaya kana saurare. Ka yi haka kwana bakwai. Za ka san muryarsa ta lafiya. Ranar da ta sake, kai ne za ka fara ji.

 Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A SANTIR

1. Mi ya sa inji ke yin "tik, tik" bayan an kashe shi?
2. In inji na juyawa sau 3.000 a minti, sau nawa wuta ke tashi a tukunya ɗaya?
3. Faɗi ƙara uku da ke cewa a tsaya.
4. A garinku, wa ke da moton da ake kai marasa lafiya da shi? Wa ke duba baƙin mansa?